Yadda Ake Ware Furotin Ɗin Ƙofar Fotasiyam Don Neman Magani

A shekarar 1998 aka janye terfenadin, maganin atishawa da ƙaiƙayi, daga kasuwar Amurka. Bayan shekara biyu sisafirid, wanda ake sha don ƙwannafi, ya bi sahu. Laifinsu ɗaya ne: suna toshe wata ƙofar fotasiyam da ke tsokar zuciya, wadda ake kira hERG, sai bugun zuciya ya rikice, wani lokacin har a rasa rai. Amma kuma gilibenkilamid da masu ciwon suga ke sha, aikinsa ke nan, rufe wata ƙofar fotasiyam a ƙwayoyin da ke fitar da insulin. Dangi ɗaya ne na furotin, a nan toshe shi guba, a can toshe shi waraka.

Kowace ƙwayar halitta lulluɓe take da tantani na maiƙo. A cikinta fotasiyam ya kai kusan milimola 140 a kowace lita (ma'aunin yawan sinadari a ruwa ke nan), a waje kuwa bai wuce 4 zuwa 5 ba. Ƙofar fotasiyam furotin ne da ke tsaye a cikin wannan tantani, yana barin fotasiyam ya wuce, yana hana sodiyam, duk da cewa sodiyam ya fi ƙanƙanta. Galibinsu sassa huɗu ne ke haɗuwa su yi zobe, rami a tsakiya, kuma a bakin ramin akwai matata da amino asid biyar suka gina, ana rubuta su TVGYG. Roderick MacKinnon da abokan aikinsa a Jami'ar Rockefeller ne suka fara nuna siffar wannan gini a 1998, da ƙofar KcsA ta bakteriyar Streptomyces lividans, aikin da ya kai shi ga kyautar Nobel a 2003.

To me ya sa za a wahalar da kai a ware ta, alhali ana iya gwada magani a kan ƙwaya mai rai? Domin ƙwaya cike take da furotin iri-iri. Idan sinadari ya sauya wani abu a cikinta, ba ka da tabbacin ƙofarka ya taɓa ko maƙwabciyarta. In ka ware ta ita kaɗai, duk abin da ya faru tsakaninta ne da maganin. Sai dai fa ka riƙe wannan tun daga yanzu: yawan furotin a cikin kwalba ba shi ne nasara ba. Abin nema ƙofa ce da har yanzu sassanta ke haɗe, fotasiyam na zaune a matatarta, tana buɗewa tana rufewa. Kowane mataki a ƙasa tambaya ɗaya yake amsawa: har yanzu ƙofa ce, ko ta zama gawa?

Mataki na 1: Zaɓi ƙofa, ka gyara DNA ɗinta

In hannunka bai saba ba, kada ka fara da hERG. Fara da KcsA. Amino asid 160 ne kacal, bakteriyar E. coli tana samar da ita da yawa, kuma tana da juriyar da za ta yafe maka kurakuran ɗan koyo.

Ƙofofin jikin mutum sun fi ta tsirfa. Da yawansu ba sa zama su kaɗai, don haka ka fara binciko abokan zamansu. KCNQ1, wata ƙofar da ke zuciya, tana buƙatar wani furotin mai suna kalmodulin. Ƙofar da gilibenkilamid ke rufewa haɗaka ce ta Kir6.2 guda huɗu da SUR1 guda huɗu, kuma a jikin SUR1 maganin ke zama, ke nan in ka ware Kir6.2 kaɗai ka bar wurin zaman maganin a baya.

Sannan ka duba jerin amino asid ɗin, ka gano dogayen sassan da ba su da tsayayyiyar siffa. Su ne ke jawo curewa, su ne kuma enzayim masu yanka furotin ke fara kamawa. Ana iya datse su, kamar yadda aka yi wa hERG kafin a samu siffarta a 2017. Amma duk abin da ka datse, sai ka koma ka auna wutar da ƙofar ke wucewa da ita a ƙwaya mai rai, ka tabbatar halinta bai sauya ba.

Daga ƙarshe ka liƙa mata wutsiyar da za ka kama ta da ita: histidin 8 zuwa 10 a jere, da furotin mai koren ƙyalli, wato GFP, sannan tsakaninsu da ƙofar ka sa gurbin da enzayim mai yanka furotin, HRV 3C ko TEV, zai yanke. Yi kwafi biyu, ɗaya wutsiya a farko, ɗaya a ƙarshe. Ba a sanin wanda ƙofar za ta lamunta sai an gwada.

Mataki na 2: Gwada kaɗan kafin ka zuba dukiya

Wannan mataki shi ne wanda masu gaggawa ke tsallakewa, su zo suna cizon yatsa bayan wata uku. Dabarar ana kiranta FSEC, Toshimitsu Kawate da Eric Gouaux ne suka bayyana ta a 2006. Za ka sa DNA ɗin a ƙwayoyin HEK293, wato ƙwayoyin mutum da ake raino a ɗakin gwaji, cikin ƙaramin faranti, bayan kwana biyu ka narkar da su da sabulun ɗakin gwaji, ka wulwula a inji, ka tura ruwan cikin bututun da ke rarraba furotin bisa girma ba tare da ka tsarkake komai ba. Na'ura tana bin koren ƙyallin GFP kawai, ana haska shi a nanomita 488 a karanta a wajen 510, don haka sauran tarkacen ƙwayar ba sa bayyana.

Tudu ɗaya siriri mai daidaiton kafaɗu a kan zanen, alamar alheri ce. Tudu mai faɗi, ko wanda ya fito tun da farko, yana nufin furotin ya cure. Tudu a can ƙarshe kuwa GFP ne da aka yanke yana yawo shi kaɗai.

A rana ɗaya za ka iya kwatanta kwafi goma, sabulu iri biyar, har da irin ƙofar daga dabbobi daban-daban. Ba banza ba siffar Kir2.2 ta fara fitowa daga ta kaza, ta KCNQ1 daga ta kwaɗo, ta Kv1.2 daga ta ɓera: su ne suka fi zama lafiya a kwalba. Sai dai mai neman magani, komai daɗewa, dole ya dawo kan ta mutum.

Mataki na 3: Rainon ƙwayoyi da yawa

Ga KcsA da 'yan uwanta na bakteriya, E. coli ta isa, musamman nau'in C41 da C43 da aka zaɓo don jure furotin na tantani. A raine su a digiri 37 har kaurin ruwan a nanomita 600 ya kai 0.6 zuwa 0.8, a zuba IPTG, sinadarin da ke sa su fara samar da furotin ɗin, kimanin rabin milimola, a bar su 'yan sa'o'i, ko a sauke zafi zuwa digiri 18 ko 20 su kwana. In ka ga bakteriyar ta daina girma da zarar ta fara samar da ƙofar, mai yiwuwa fotasiyam ne ke zurare mata. Ƙara bariyam kulorayid milimola 5 zuwa 10 yana toshe ƙofar ya ba ta sarari.

Ƙofofin dabbobi kuwa suna son ƙwayoyin da suka fi kama da gidansu: yis ɗin Pichia pastoris, ƙwayoyin ƙwari na Sf9, ko ƙwayoyin mutum na HEK293S GnTI⁻. Da na ƙarshen, ana sa DNA cikin bairas ɗin BacMam, a zuba wa ƙwayoyin idan sun kai miliyan 2 zuwa 3 a kowace mililita. Washegari a ƙara sodiyam butiret milimola 10, a sauke zafi zuwa digiri 30, a girbe bayan kwana biyu zuwa uku. Leƙa su a madubin ƙara girma kafin girbi: koren zobe a gefen ƙwaya ake so, ba dunƙulallen kore a tsakiyarta ba.

Mataki na 4: Fasa ƙwayoyi, tara tantani

Daga nan komai a kan ƙanƙara ne ko a ɗakin sanyi, digiri 4. Ruwan bafa na asali, wato ruwan da ke hana tsami sauyawa: Tris ko HEPES milimola 20 zuwa 50, pH 7.5 zuwa 8, da KCl, wato gishirin fotasiyam, milimola 150.

Tsaya a kan KCl ɗin nan. Yawancin takardun tsarkake furotin NaCl, gishirin sodiyam, suke cewa, hannu kuma ya saba miƙawa ga kwalbarsa. Ga ƙofar fotasiyam kuskure ne. Fotasiyam da ke zaune cikin matatar yana daga cikin abin da ke tokare ginin. In babu shi matatar na lotsawa, sassa huɗun su yi sako-sako. Ni kaina na taɓa asarar aikin mako biyu saboda na ari ruwan wanki daga wani abokin aiki ban karanta abin da ke rubuce jikin kwalbar ba. Tun daga fasa ƙwaya har ajiya, kada wani ruwa ya taɓa furotin ɗinka babu fotasiyam a ciki.

Zuba magungunan hana yankan furotin, irin su lufeptin, fefstatin da PMSF. Shi PMSF yana lalacewa da sauri cikin ruwa, saboda haka dab da fasawa ake sa shi, kuma guba ne, a sa safar hannu. Ƙara DNase, enzayim mai yanka DNA, don kada ruwan ya yi yauƙi. Bakteriya ana fasa ta da injin matsi ko na girgizar sauti. Ƙwayoyin HEK da Sf9 ba su da tauri, ruwa mai ƙarancin gishiri da abin dakan gilashi sun ishe su. Yis kuwa sai an daskarar da shi a niƙa.

Wulwula a 10,000 g (ƙarfi ninki 10,000 na jan ƙasa) na minti 15 zuwa 20 don tarkace su kwanta. Kwashe ruwan da ya tsaya a bisa, ka sake wulwula shi a 100,000 g na sa'a ɗaya. Abin da ya kwanta a gindi, mai santsi kamar kakin zuma, shi ne tantanin. A auna nauyin bututun su yi daidai kafin a tada wannan inji, ba a wasa da shi. Ana iya daskarar da tantanin a digiri 80 ƙasa da sifiri a ci gaba wata rana.

Mataki na 5: Ciro ƙofar daga maiƙo

A nan ne akasarin ayyuka ke mutuwa. Tsakiyar jikin ƙofar ba ya shiri da ruwa, maiƙo ya sani. In ka tuɓe mata maiƙon ka jefa ta ruwa, nan take za ta manne da 'yan uwanta su cure. Sabulun ɗakin gwaji yana da kai mai son ruwa da jela mai son maiƙo, sai ya yi wa ƙofar ɗamara a madadin tantanin. Matsalar ita ce sabulun da ya iya cirowa da ƙarfi shi ne kuma ya iya warware furotin. Ana neman mai taushin hannu.

DDM shi ne na farkon gwaji. A sa kashi 1 cikin 100, kusan milimola 20 ke nan, kuma ga ƙofofin dabbobi a haɗa da CHS kashi 0.2, wanda ke tsaya wa kolestarol. A juya a hankali sa'a ɗaya zuwa biyu a digiri 4. Kada a kaɗa har ya yi kumfa, kumfa na lalata furotin. KcsA kuwa DM milimola 40 ake sa mata, kuma ko a zafin ɗaki ba ta damu ba. Ga masu saurin lalacewa akwai LMNG, dijitonin da GDN. Bayan nan a sake wulwulawa a 100,000 g na minti 40 zuwa sa'a ɗaya; wannan karon ruwan da ke bisa ake so, abin da ya kwanta shara ne.

Kowane sabulu yana da iyakar da in ya yi ƙasa da ita ɗamarar ke watsewa, ana kiranta CMC. Ta DDM kusan milimola 0.17 ce, ta DM kusan 1.8, ta LMNG kuwa wajen 0.01. Duk ruwan da zai biyo baya dole ya ɗauki sabulu sama da wannan iyaka, galibi aƙalla ninki biyu zuwa uku. Ga DDM kashi 0.025 zuwa 0.05 cikin 100 ya wadatar. Manta shi a ruwan wanki sau ɗaya, furotin ɗin ya cure a cikin bututu, ba ya kuma dawowa.

Ka yi tunanin gaba tun yanzu. In niyyarka ka mayar da ƙofar cikin maiƙo, to sabulu mai ƙaramar CMC wuyar cirewa gare shi. LMNG yana kyautata wa furotin, amma raba su sai an sha fama. Mutane da yawa sukan ciro da DDM, sannan su sauya zuwa DM a matakin tacewa na ƙarshe. Kuma ƙara ɗan maiƙo, kamar miligiram 0.1 a kowace mililita, cikin ruwan wanki yana taimaka wa ƙofofi irin Kv, waɗanda wutar tantani ke buɗewa, don sabulu kan ci gaba da zare musu maiƙon da ke manne da su a kowane wanki.

Mataki na 6: Kama ta da wutsiya

In histidin ka sa, zuba ƙwayoyin resin masu nikel ko kobal cikin ruwan, a juya sa'a ɗaya zuwa uku, a zuba a bututu. A wanke da ruwa ninki 10 zuwa 20 na yawan resin, mai ɗauke da imidazol kaɗan (sinadarin da ke ture histidin daga jikin ƙarfen), milimola 20 zuwa 40 ga nikel, ƙasa da haka ga kobal. Sannan a sauko da furotin da imidazol milimola 250 zuwa 300. Kada EDTA ta kusanci wannan resin, tana kwashe ƙarfen. DTT mai yawa ma yana ɓata nikel, gara TCEP.

Mai aiki da E. coli ya yi hattara da wani baƙo, AcrB. Furotin ne na tantanin bakteriyar kanta, yana manne wa nikel, kuma yana saurin yin ƙanƙarar lu'ulu'u, har ya sha sa masu bincike murnar banza suna zaton nasu ne.

Ga ƙofofin dabbobi, waɗanda ba su da yawa a cikin ruwan, resin mai ɗauke da ƙaramin garkuwan da ke kama GFP ya fi tsabta nesa ba kusa ba. Za ka ga resin ɗin ya koma kore da idonka. A wanke, sannan a zuba HRV 3C ya kwana a digiri 4. Ƙofar za ta sauko, GFP ya zauna. Na fi son 3C a kan TEV a nan domin sanyi bai cika rage masa kuzari ba. In jel ɗin duba tsabta ya nuna wani layi wajen kilodalton 70 (ma'aunin nauyin furotin) da ya ƙi tafiya, wataƙila HSP70 ne, wanki da ATP da maganiziyam yakan sake shi.

Mataki na 7: Tace bisa girma, ka dubi gaskiya

Rage ruwan da matatar wulwulawa mai ramin kilodalton 100. In ramin ya fi haka ƙanƙanta, dunƙulen DDM ba zai wuce ba, sai ka tara sabulu tare da furotin ba ka sani ba. Wulwula minti biyar-biyar, kana gauraya tsakani, don kada ya taru a gindi ya cure.

Tura shi cikin bututun rarrabewa bisa girma: Superdex 200 in ƙaramar ƙofa ce, Superose 6 in babba ce kamar hERG ko Slo1. A bututu mai mililita 24, duk abin da ya fito wajen mililita 8 curarre ne, a zubar komai yawansa. Ɗauki tsakiyar tudu kawai, ka bar kafaɗun. Ciwo ne zubar da rabin abin da ka wahala a kai, amma rabin nan shi zai ɓata maka gwajin gaba.

Duba tsabta da jel na SDS. Kada ka tafasa samfurin kamar yadda aka saba, furotin na tantani yana curewa da tafasa ya maƙale a bakin jel. Kuma yakan yi gudu fiye da nauyinsa, kada hakan ya ruɗe ka. KcsA tana da wata kyauta a nan: sassanta huɗu ba sa rabuwa ko a cikin SDS, sai an tafasa. Sa layi biyu, dafaffe da ɗanye. In ɗanyen ya tsaya a sama wajen kilodalton 60 da wani abu, dafaffen ya sauko ƙasa da 20, ƙofarka a haɗe take. Ajiye kaɗan a firji, ka sake tura shi bututun bayan kwana biyu. In tudun bai sauya ba, kana da abin aiki.

Mataki na 8: Mayar da ita gida

Ƙofa a cikin sabulu ba ta da ciki da waje, don haka ba a iya auna wucewar komai. Sai an gina mata ƙananan ƙunsoshin maiƙo, wato lifosom.

Haɗa maiƙo iri biyu, POPE da POPG, uku bisa ɗaya. Suna zuwa cikin kulorofom, don haka a akwatin zuƙe hayaƙi za a busar da su da iskar naitirojin ko argon, a bar su cikin injin zuƙe iska su kwana. A jiƙa da ruwan bafa mai KCl milimola 150 har ya zama miligiram 10 a mililita, a girgiza da sauti har farin ya washe. A sa DM kamar milimola 8 zuwa 10 don ƙunsoshin su saki jiki, a zuba furotin, kashi ɗaya ga maiƙo kashi 100 bisa nauyi a matsayin mafari. Sannan a janye sabulun sannu a hankali: DM da dayalisis na kwanaki ana sauya ruwa, DDM da ƙwayoyin Bio-Beads masu tsotse shi.

Nau'in maiƙon ba ado ba ne. KcsA ba ta buɗewa sosai in babu maiƙo mai cajin ragi irin POPG, kuma sai ɓangarenta na ciki ya ji tsami. Dangin Kir da KCNQ suna buƙatar wani maiƙo mai suna PIP2. GIRK2, bayan PIP2, tana son sassan furotin G da ake kira beta-gama. Slo1 tana jiran kalsiyam. In ka hana ƙofa abin da ke buɗe ta, za ka yi zaton ta mutu alhali a kulle kawai take.

Yi kuma wasu ƙunsoshin da babu furotin a ciki, a rana ɗaya, da maiƙo ɗaya. Da su za ka kama ƙaryar gwaji.

Mataki na 9: Gwajin kwarara

Wannan dabara ɗakin binciken MacKinnon ya nuna a 2016 cewa ana iya tantance ɗimbin sinadarai da ita ba tare da ƙwaya mai rai ba. Hikimarta abin sha'awa ce.

Ƙunsoshinka cike suke da KCl. Ka tsarma su ninki 20 ko fiye cikin ruwa mai NaCl milimola 150, ba fotasiyam. (Nan kaɗai aka yarda da sodiyam, kuma a waje yake.) Fotasiyam na son fita, amma da 'yan kaɗan sun fita sai cikin ƙunshin ya ɗauki cajin ragi, fitar ta tsaya. A cikin ruwan akwai rini mai ƙyalli, ACMA, kimanin maikuromola 2. Ana haska shi a nanomita 410 a karanta a 490. Ɗauki karatun farko na minti ɗaya ko biyu. Sai ka zuba CCCP, kamar maikuromola 1, wanda ke ɗaukar haidurojin ya ƙetare da shi maiƙo. Yanzu kowane fotasiyam da ya fita, haidurojin ya shiga madadinsa. Ciki ya yi tsami, ACMA ya taru a can, ƙyallinsa ya dushe. Saurin dushewar shi ne ma'aunin aikin ƙofar. Mai toshewa yana rage saurin, mai buɗewa yana ƙara shi.

A ƙarshe a zuba balinomaisin, 'yan nanomola kaɗan. Shi yana fitar da fotasiyam ta cikin maiƙo ba ruwansa da ƙofa, sai duk ƙunsoshin da suka rage su zube, ka samu ƙasan ma'auni. Ƙunsoshin da babu furotin bai kamata su motsa da CCCP ba, sai da balinomaisin. In sun motsa, suna yoyo, mai yiwuwa sauran sabulu ne. Koma mataki na 8. CCCP da balinomaisin duka guba ne masu ƙarfi.

Akwai wani abu da ke rikita sabon shiga. Ƙofofin ba sa shiga maiƙo fuska ɗaya. Wasu na kallon waje, wasu na kallon ciki. Sinadarin da ke toshewa daga fuska ɗaya tak, kuma ba ya ƙetare maiƙo, kamar dafin kunama na karibdotoksin, zai kama wani kaso ne kawai, kwararar ta ci gaba ta sauran. Ga ƙofofin da wutar tantani ke buɗewa kuma, cajin ragin da ke cikin ƙunshin yana rufe masu zaman daidai, ya bar masu zaman juye a buɗe. Ke nan waɗanda kake aunawa su ne masu fuskar cikin ƙwaya a waje. Ga hERG wannan ya zo daidai, domin magungunan da ke toshe ta a kogon ciki suke zama, kusa da amino asid Y652 da F656.

Kafin ka taɓa sabon sinadari ko ɗaya, gwada sanannen mai toshewa: bariyam ga yawancinsu, dofetilid ga hERG. In sanannen bai yi aiki ba, matsalar a furotin ɗinka take.

Mataki na 10: Tantancewa da tabbatarwa

A faranti mai ramuka 384, kowane rami sinadari ɗaya, galibi a maikuromola 10, DMSO, ruwan da ake narkar da sinadaran a ciki, kada ya wuce kashi 1 cikin 100. Ware layuka don DMSO zalla da kuma sanannen mai toshewa, ka lissafa ma'aunin Z', mai nuna ingancin gwajin, na kowane faranti. In bai kai 0.5 ba, kada ka yarda da sakamakonsa.

Da yawa daga cikin waɗanda za su fara burge ka maƙaryata ne. Wani shi kansa ƙyalli yake yi a launin ACMA, wani yana huda maiƙo, wani yana ɗaukar haidurojin kamar CCCP. Maimaita kowanne a ƙunsoshin da babu furotin, kana tada kwararar da balinomaisin. Duk wanda ya sauya sakamako a nan, ba ƙofa yake taɓawa ba, a cire shi.

Waɗanda suka tsira a gwada su a ma'auni takwas zuwa goma don samun IC50, wato yawan sinadarin da ke rage aikin ƙofar da rabi. A duba ko suna ƙara wa furotin juriyar zafi: a ɗumama samfura minti goma a zafi daban-daban, a wulwula, a koma FSEC, wanda ya zauna a jikin ƙofa yakan ɗaga zafin da take narkewa. Sannan a koma ƙwaya mai rai da dabarar fach-kilam, ta manna siririn bututun gilashi a tantani a auna wuta kai tsaye, wadda ta ba Erwin Neher da Bert Sakmann kyautar Nobel a 1991. Ita ce alƙali. Kuma ko wace ƙofa kake nema, gwada sinadarin a kan hERG da wuri. Ƙa'idar gwajin magunguna ta ƙasa da ƙasa, ICH S7B ta 2005, ta sa wannan cikin abin da ake dubawa kafin magani ya yi nisa.

Ragowar furotin ɗin daga mataki na 7 kada ya tafi a banza. Haɗa shi da sinadarin, a daskarar a kan raga, a duba da madubin lantarki na kirayo-EM don ganin inda ya zauna. Sanin wurin zama shi ke nuna yadda za a bambance ƙofa da 'yar uwarta. Retigabin, maganin farfaɗiya da aka amince da shi a 2011 aka daina sayarwa a 2017, yana buɗe KCNQ2 ta ƙwaƙwalwa ne ta hanyar jingina da wani amino asid guda, tiriftofan, W236. KCNQ1 ta zuciya ba ta da tiriftofan a wannan gurbi, lusin ne a wurin, shi ya sa maganin ba ya buɗe ta.